Na Je Argungu da Tambaya, Aka Tare Ni da Kifi

Tun da na dawo daga Argungu ban huta ba. A masallacin unguwarmu a Badariya, a teburin mai shayi, har a layin shan mai, duk wanda ya gan ni sai ya ja ni gefe: “Malam Sani, wai yaya aka yi Alhaji Labbo ya buɗe baki?” Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya miƙa wa na gaba. Jiya wani ya rantse mini cewa ta katanga na dira gidan Alhaji, ni da nake haki in na hau matakalar ofis. To ga yadda aka yi daga bakina, kowa ya karanta ya bar ni in sha iska.

Ga wanda bai san ni ba, ni ke gabatar da shirin wasanni na ranar Asabar a wani ƙaramin gidan rediyo a nan Birnin Kebbi. In za a faɗi gaskiya, ƙungiya ɗaya ce ke riƙe da shirin: Giwan Ruwa ta Argungu, wadda Alhaji Labbo, babban dillalin albasa, ya kafa kuma yake ɗaukar nauyinta. Ƙwallon Turai kowa na gani a gidan kallo, ba mai buƙatar in gaya masa wa ya ci. Amma Giwan Ruwa tamu ce. 'Yan wasanta 'ya'yan masunta ne da manoman shinkafa, kowa ya san uban kowa.

Kwatsam sai magana ta tashi wai Alhaji ya sayar da gurbin ƙungiyar a gasa ga wasu mutane na wata jiha, za su kwashe ta su canza mata suna. Duk Asabar wayar shirin ba ta sanyi. Na kira Alhaji har yatsana ya gaji, bai ɗauka ba. Sakatarensa kuwa amsa ɗaya gare shi, Alhaji na kan hanya, kuma bai taɓa faɗin hanyar ina ba. Rannan wani dattijo ya bugo ya ce mini, “Kai dai ba ka da aiki sai ‘za mu bincika.’ Yaushe za ka gama binciken, bayan an binne mu?” Zuciya ta ɗebe ni, na ce wa duk mai saurare, Asabar mai zuwa za ku ji Alhaji Labbo ya amsa wannan tambaya da muryarsa a cikin shirin nan.

Ina fitowa na tarar da manajarmu tsaye a bakin ƙofa. Mace ce da ba ta ɗaga murya, shi ya sa muke tsoronta. Ta ce, “Malam Sani, da sunan gidan nan ka yi alkawari. In Asabar ta zo babu muryar Alhaji, akwai mai maganin basir da ya daɗe yana neman lokacinka. Shi ne zai zauna a kujerar.” Ta wuce abinta. Shirin nan kuwa shi ne abin da nake da shi, kuma ban iya wata sana'a ba.

Wanda ya kai ni shi ne Baba Lasisi. Bayarabe ne, amma a kasuwar Birnin Kebbi ya yi furfura, Hausar Kabi ta fi zama a bakinsa fiye da nawa, ni da rediyo ta goge mini harshe. Kayan wasanni yake sayarwa, kuma yana da dilar rigunan Giwan Ruwa da ya buga da yawa. Ya ce shi ma yana son ya sani, riguna ne a shagonsa ko tsumman goge mota. Ya ce in zo mu tafi a motarsa ranar Laraba.

Motar Baba Lasisi ba a shigarta da gaggawa. Ƙofar fasinja daga waje kawai take buɗewa, kujerar kuma ta kwanta baya ta ƙi tashi, don haka na yi tafiyar ina kallon rufi kamar mara lafiyar da za a kai asibiti. Muna wuce Ambursa sai hayaƙi ya fara fita ta gaba. Baba ko a jikinsa. Ya ce ƙishi take ji, ta saba. Muka gangara gefen wata fadama inda wani manomi ke ba shinkafarsa ruwa da inji, na roƙe shi ya sam mana a galan.

Ina yin sallama mutumin ya saki tiyo ya dube ni. “Wagga murya na san ta. Kai na mai alkawari?”

Na ce ni ne.

Ya cika mana galan, ya taya Baba zubawa, sannan ya matso kusa da ni kamar zai ba ni asiri. “Malam, in ka isa gidan Alhaji, kak ka ci komi. Ko ruwa anka ba ka, ce kana azumi. Dut ɗan jaridar da yat tahi gidan nan da tambaya, da albasa yad dawo.”

Na yi dariya na ce ni ba irin waɗannan ba ne. Allah ya ji ni, kuma bai daɗe ba ya nuna mini.

Akwai shingen jami'an tsaro kafin a shiga gari, amma wannan ba komai ba ne. Da suka ji daga rediyo nake, takarda ma ba su duba ba, sai kowa ya ce in gaishe da matarsa ranar Asabar. Kan iyakar da nake tsoro ita ce ƙofar gidan Alhaji. Na saba da manyan Birnin Kebbi. A can in ka je neman babba, benci za a nuna maka, a ce oga na mitin, ka zauna har la'asar, daga baya masinja ya gaya maka ai tun azahar ya fita ta baya. Na shirya wa wannan tsaf, har da guntun biredi a aljihu.

Sai ga ƙofa a wangale. Wani tsohon mai gadi da 'yar rediyo rataye a wuyansa ya taso da fara'a, ya zagayo ya buɗe mini ƙofar mota kamar ya san halinta.

“Marhabin da mai alkawari. Tun Asabar Alhaji ke jiran ka.”

Na ce, “Yana ciki?”

“Shina gona wurin masu cirar albasa, yanzu za shi dawo. Ku shigo ku huta.”

Ban gama cire takalmi ba sai ga akussa. Tuwon shinkafa fari sol, da miyar giwan ruwa, kifin da ƙungiyar ta ci sunansa, yanka-yanka kowanne ya kai tafin hannuna. Ga wani a gashe an barbaɗa masa yaji. Na tuna manomin nan, na haɗiye yawu, na ce wallahi a ƙoshe nake.

Fara'ar tsohon ta ɗauke. Ya ce, “Malam, gidanga baƙo bai ganin mai gida da yunwa. Alhaji bai zama da wanda bai ci abincinai ba. Kuma in akushi ya koma ciki yadda yah hito, ba Alhaji ka ƙi ba, matan gida kaz zaga. Tun hantsi suke bisa wuta sabili da kai.”

Kun ga inda aka kai ni. In ban ci ba, ba zan ga Alhaji ba. In na ci, da wane ido zan dubi mutumin da na ci tuwonsa in titsiye shi? Na juya in nemi shawarar Baba Lasisi, na tarar har ya naɗe hannun riga ya yi nisa. Na ce to, zan ɗanɗana don mutuncin matan gida. Ba zan faɗi inda ɗanɗanon ya tsaya ba. Abin da na sani, ban taɓa cin kifi irin wannan ba, kuma na ji haushin daɗinsa ƙwarai.

La'asar ta yi, Alhaji ya wuce kasuwa daga gona. Magariba ta yi, ya tsaya ta'aziyya. Kowane uzuri da kwanonsa yake zuwa: fura da nono, soyayyen kifi, har da wani farfesu da aka ce na musamman ne don mai magana da yawa. A nan na gane bambancin manyanmu da nasu. Namu da yunwa suke korar ɗan jarida. Na Argungu cika shi suke yi har ya manta abin da ya kawo shi, kuma ya tafi yana godiya.

Masaukin da aka ba mu ɗaki ne mai kyau, da katifa da fanka, sai dai bango ɗaya ya raba shi da rumbun albasar Alhaji, kuma fankar daga can take jawo iska. Da safe na tashi idona jawur, rigata da hulata duk sun zama miya. Mai gadi ya dube ni ya girgiza kai, ya ce in yi haƙuri, in daina kuka, in sha Allahu yau zan ga Alhaji. Sannan ya ajiye mini masa da romon kifi.

Da hantsi aka ce in shiga. Baba Lasisi ya tafi kasuwa kai wa wani kaya, don haka ni kaɗai na shiga zauren. Alhaji Labbo na kishingiɗe a kan darduma, mutum ne dogo mai sanyin murya, da tsagar Gobirawa a kumatunsa. Mutanensa na zaune a gefe. Na durƙusa na gaishe shi, na nemi izinin ɗaukar magana. Ya ce in ajiye na'urar a gabansa, shi ba ya gudun rediyo. Na kunna na ajiye.

“Ɗana, ka ci abinci?”

“Na ci, ranka ya daɗe.”

“Ka ƙoshi?”

“Na ƙoshi.”

“Madalla. Kihin nan da kaina na zaɓo ma shi bakin gulbi. To, mi ke tahe da kai?”

Jama'a, tambayar na nan a bakina, na kwana ina jera ta. Na buɗe baki sai na ji kaina ina cewa, “Alhaji, yaya kasuwar albasa bana?”

Ai kuwa ya gyara zama. Ya ɗauko albasa tun daga iri, ya bi ta dashe, ya bi ta tsutsa da tsadar taki, ya loda ta a mota ya kai ta kudu. Ina ta gyaɗa kai ina kallon na'urar tana cinye wuri. Da ƙyar na samu ya numfasa, na lallaɓa na ce, “Ranka ya daɗe, masu saurare suna ta magana a kan Giwan Ruwa, wai ko akwai wani bayani.”

Bai ɓata rai ba. Ya yi murmushi irin na uba. “Ɗana, wa ka sayen ƙwallo? Ni. Takalma, ni. Man mota in za su wasa, ni. In yaro ya karye, ni ka kai shi wurin ɗori. Shekara da shekaru rediyo ba ta taɓa bugo man waya ta ce, Alhaji ya kake yi da wanga nauyi ba. In na sai da buhun albasata, ina zuwa rediyo in yi bayani? To ita ma ƙungiya dukiyata ta. Wanda bai taya ni ɗauka ba, don mi za ni gaya mai inda za ni aje?”

Gaskiya akwai abin dubawa a maganarsa, don ni kaina ban taɓa tambayarsa yadda yake yi ba. Amma ina da amsa. Ina so in ce masa albasa ba ta da magoya baya, ba wanda ya taɓa rufe shago ya shiga rana yana yi wa buhu tafi. Amsar ta taso har maƙogwaro ta tarar da kifi a wurin, ta koma. Na ce, “Haka ne, ranka ya daɗe.” Na ji kunyar kaina har kunnuwana suka yi zafi. A raina na fara sallama da kujerata.

Ana haka sai ga Baba Lasisi ya yi sallama. Bai taɓa ganin Alhaji ido da ido ba, da sakatare yake hulɗa, Alhaji kuma ko filin wasa ya je daga cikin mota yake kallo. Baba ya fara sunkuyawa zai gaisa, sai idonsa ya faɗa kan tsagar nan. Ya miƙe tsaye cak, ya gyara hularsa.

“Af, ashe Bagobiri na. Tun jiya nike cin abincin bawana ban sani ba. Tashi ka ba ubangidanka darduma.”

Na ce shi ke nan, yau za a yi mana dukan kawo wuƙa. Na manta da wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa. Kowannensu ya ɗauki ɗan'uwansa bawansa ne, kuma duk girman Bagobiri, Bayarabe zai iya gaya masa abin da ya ga dama a gaban kowa. In ya yi fushi, shi ya faɗi, shi za a yi wa dariya. Zauren ya kwashe da shewa. Alhaji ya tashi zaune, fuskarsa ta washe, ka rantse ba shi ne mai sanyin muryar nan ba.

“Wa ya bar ɗan manja ya shigo man zaure? Ku duba akussa, kada shi tahi da guda.”

“Akushin mi? Kihi ba barkono, kamar abincin mai jego. Kai Bagobiri, an ce ka talauce, albasa ta ruɓe, har ƙwallon yara ka kai kasuwa.”

“Ni in talauce? In saye ka in saye shagonka in ba mai gadi kyauta.”

“To mi ya kai ka sai da ƙungiya, in ba yunwa ba? Ko ƙarya anka yi maka, ko tsoro dai kake ji ka hwaɗi? Na san Bagobiri da tsoro.”

Duk wanda ya san Gobirawa ya san ba a haɗa su da wannan kalma. Alhaji ya buga hannu a darduma yana dariya har hularsa ta karkace.

“Tsoron wa? Na sai da ta. Tun kahin a hwara cirar albasa anka gama magana, bayan Sallah za su zo su ɗauka. Da kana da abin saye da kai na sai ma, matsiyaci.”

Baba Lasisi ya ce, “Kuɗin naka na, ban musa ba. Amma sunan garin da ke bayan rigar, a wace kasuwa kas saye shi?”

Dariyar zauren ta tsaya a rabi. Mutanen Alhaji suka shiga kallon tabarma, ashe su ma ba su sani ba. Alhaji ya dubi Baba, sannan a hankali ya sauke ido kan na'urata, wadda jar fitilarta ke ci. Ya gyara hula, muryar sanyin nan ta dawo.

“Ɗana, wasa na tsakanina da bawana. Abin da anka hwaɗi cikin wasa, bai hita zaure. Kai ma ɗan gida na, ka sani.”

Ban san inda na samo ƙarfin ba, wataƙila kifin ya fara narkewa. Na ce, “Ranka ya daɗe, to a bar wasa. An sayar ko ba a sayar ba?”

Ya dube ni. Sannan ya juya wajen mai gadi ya ce a sa wa baƙi albasa a mota, hanya da nisa.

Haka muka kamo hanyar gida, buhun albasa a kan dilar riguna, ni a kwance ina kallon rufi. Na ce wa Baba ina cikin tsaka mai wuya. Mutum ya ciyar da ni, ya kira ni ɗansa, ya kuma ce wasa ne. In na sa maganar, na ci amanar zaure. In ban sa ba, na ci amanar mutanen da na yi wa alkawari, kuma na rasa aikina. Baba ya ce shi dai a iya zamansa da Gobirawa, bai taɓa jin sun gaya masa gaskiya tsagwaronta ba sai a cikin wasa. Ya ƙara da cewa albasar tasa ce, tunda shi ya yi aikin. Na bar masa ita da farin ciki.

Ranar Asabar na zauna a kujerata. Na gaya wa masu saurare komai: na je, an karrama ni, na ci kifi har na kasa tambaya. Na ce abin da za su ji wasa ne tsakanin Bagobiri da Bayarabe, Alhaji da kansa ya ce wasa ne, na tambaye shi gaskiyar magana bai amsa ba, kowa ya auna da hankalinsa. Sannan na saki muryar. Ta gilashi na hango manaja tana dariya har da dafa bango, abin da ban taɓa gani ba. Na san kujerata ta tsira.

Wayoyi suka fara shigowa. Wani ya ce a ba Baba Lasisi shirin. Wata ta ce Alhaji ya yi ƙoƙari shekara da shekaru, a gode masa, amma da ya tara mutane ya gaya musu da bakinsa. Wani ya tambayi ko da sauran kifi. Ina ta amsawa ina jin kaina a sama, har na ɗauki kira na ƙarshe.

Muryar wani matashi ce, a natse, da ƙarar injin ban-ruwa a bayansa.

“Malam Sani, ni na mai tsaron ragar Giwan Ruwa. Muna nan tare da sauran 'yan wasa, mun ji shirin. Ba wanda yag gaya muna komi, yanzu muka ji daga bakinka. Ni na bar gonar babana ga ƙanena sabili da ƙwallon ga.”

Na ce Allah sarki.

Ya ce, “Ba komi. Abu guda nike son tambaya, tunda kai ka samu ganin Alhaji. Gobe da sahe muna da atisaye. Mu hito, ko mu zauna gida?”

Mai kula da na'ura yana ta yi mini alama da hannu cewa lokaci ya ƙare. Na ce masa, “Ɗan'uwa, wallahi ban sani ba. Wannan ban tambaye shi ba.”